Ƙullin Mashigi na Bakwai

Litinin, 1 ga Satumba

Ana sanar da ɗaukacin masu karanta wannan littafi, wato ni kaɗai, cewa yau da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, a tsakiyar falon gidana, na kifar da kwalekwale ɗauke da fasinjoji uku da akuya ɗaya. Babu wanda ya tsira sai akuyar. Ba a karɓar gaisuwa.

Bari in yi bayani, kada wata rana in karanta in zaci har kan ma ya taɓu. Wata biyu ke nan da na faɗi a wurin aiki, jini ya hau, ɓarin dama ya ɗan shanye. Ƙafa ta dawo. Baki ya dawo, Hukuma, wato matata, ta ce har da ƙari. Hannu ne ya tsaya yana shawara. Likitar gashin ƙashi, wadda na raɗa wa Sajan saboda ba ta iya roƙo ba sai umarni, ta ɗora ni a kan magani biyu: in riƙa rubutu da hannun ko da layi ɗaya ne, kuma in riƙa buga wasan bidiyo. Ni fa. Shekara ashirin da shida ina ɗinke yagaggun littattafai a ɗakin karatu, kuma babu wanda na ɗinke ban karanta ba.

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ce ta aiko da na'urar wasan daga garin da take aiki. Hukuma ta dawo daga makaranta da alli a hannun riga ta haɗa wayoyin da talabijin. Abin da ake riƙewa a danna yana da ƙaho biyu da idanu a ko'ina. Na sa masa suna Kaguwa.

Wannan shafin ya ci mini fiye da awa guda. Amma da hannun dama aka rubuta shi. Alhamdulillahi.

Laraba, 3 ga Satumba

Sajan ta ba ni wani ƙarfe in matse da hannun dama, allurarsa ta nuna sha ɗaya. Hagu kuwa talatin da takwas. Ta ce, “Baba, ba da fuska ake matsewa ba.”

Asabar, 6 ga Satumba

Sunan wasan Mai Fito. Kai ne mai kwalekwale a wani kogi da babu shi a taswira, kana ɗaukar mutane a wannan gaɓa kana kai su waccan, suna hira kana saurare. Yatsan hagu ya danna, filafili ya shiga ruwa ta hagu. Na dama ya danna, ya shiga ta dama. Da yake nawa na dama sai ya bushi iska yake dannawa, kwalekwalena zagaye kawai yake yi kamar jakin da aka ɗaure a turke. In Allah ya sa ka isa mashigi, sai ka ɗaure jirgin da igiya, fasinja su sauka.

Auta ta bugo. “Abba, rangwame aka yi, kashi saba'in aka cire, shi ya sa na yi maza na saya.” Na ce littafin da aka karya wa farashi haka, ni na san abin da ke cikinsa. Ta yi dariya ta ce in dai buga.

Takardar Daraktan ɗakin karatu ta zo jiya. Kwamitin likitoci zai zauna a kaina ranar talatin ga Oktoba. Idan hannu bai iya riƙe allura ba, ko su mai da ni teburin bakin ƙofa ina buga wa ɗalibai hatimi, ko in yi ritaya. An rubuta ta cikin ladabi ƙwarai, irin ladabin da ke sa mutum ya zauna.

Abin da ban gaya wa kowa ba: ƙamus ɗin. Tsohon ƙamus mai shafi dubu da ɗari biyu, an haɗa takardunsa dami-dami, dami saba'in da biyar. Na ɗinke arba'in da ɗaya ranar da na faɗi. Na tabbata allurar na nan soke a na arba'in da biyu.

Talata, 9 ga Satumba

Na tsallakar da mai gyaran agogo da buhunsa ba tare da na jiƙa shi ba. Ya yi mini godiya. Na amsa masa da ƙarfi, Hukuma ta leƙo daga kicin.

Juma'a, 12 ga Satumba

Ashe su ma masu wasan nan suna da masu sharhi. A shafin da ake sayar da wasan kowa yana rubuta ra'ayinsa ya ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Na yini ina karantawa, don ilimi kawai.

Wani ya rubuta: “Babu bindiga. Tauraro ɗaya.” Wani ya ce ya yi awa ɗari huɗu yana bugawa, kuma yana shawartar jama'a kada su ɓata lokacinsu. Wata ta ba da biyar saboda akuyar. Na sha ganin manyan malamai sun cika shafi arba'in ba su faɗi abin da ya kai na mai akuyar ba.

Akwai wata tsohuwa a cikin fasinjojin, kullum da rediyo a cinyarta, wai za ta kai gyara a ƙetare. Kullum kuma da ita take dawowa. Duk tsallakawa sai ta ba ka ɗan guntun labarin mijinta, ta yi shiru daidai inda kake son ji. Wanda ya rubuta mata magana ya san aikinsa. Wannan a nan kawai zan faɗa.

Laraba, 17 ga Satumba

Sha shida a ƙarfen Sajan. Ta ce ba laifi, wanda a bakinta lambar yabo ce.

Na isa mashigi na bakwai, na tsaya cak. Ruwan wurin yana da ja. Kafin ka ɗaure jirgi sai ka danne maɓalli biyu da manuniya da yatsan tsakiya, ka riƙe, babban yatsa kuma ya juya 'yar sandar da ke jikin Kaguwa sau uku, duk da hannun dama. Yatsan tsakiya ya saki ko na ƙiftawar ido, igiya ta kuɓuce, ruwa ya tafi da kai. Nawa yana saki a juyi na biyu. Sau goma sha tara yau. Tsohuwar tana zaune da rediyonta tana kallona, sauran labarin yana bayan wannan ƙullin.

Lahadi, 21 ga Satumba

Kwana biyar a mashigi ɗaya.

Na rubuta sharhi. Da yatsa ɗaya na hagu na buga shi a wayar, da sunan Mai Allura. Na fara da “Ya ku masu ƙera wannan wasa,” na yaba hirar fasinjoji, na ce tsohuwa mai rediyo ta fi jaruman littattafai da yawa da suka bi ta hannuna rai. Sannan na zare takobi. Na ce ga alama an ƙera mashigi na bakwai ne bisa zaton kowane ɗan Adam yana da yatsu goma masu biyayya, alhali wasunmu muna zaune da 'yan tawaye a hannu ɗaya. Na faɗi abin da ya same ni. Taurari uku.

Na karanta wa Hukuma kafin in tura. Ta ce, “Malam, wasa ne fa, ba takardar digiri ba.” Na tura.

Talata, 23 ga Satumba

Me ya kai ni gaya wa duniya ciwona?

Alhamis, 25 ga Satumba

Sun amsa. Ashe mutum biyu ne kacal suka ƙera wasan, wa da ƙanwarsa, a wani ɗaki a saman shagon gyaran keke, in ji shafin labaran wasanni. Ƙanwar ce ta rubuta, ita ce ma mai rubuta hirar. Ta ce sun karanta sharhina sau uku, ba su taɓa tunanin wannan ba, kuma kunya ta kama su. Akwai ƙarin babi da za su fitar mako mai zuwa, wanda ake saukewa a ɗora a kan wasan, za su ga abin da za su iya kafin nan.

A ƙasan amsar jama'a sun taru. Wani ya ce, “Baba, ka koyi wasa kawai.” Allah ya shirye shi. Wani direba da ya rasa yatsu biyu a haɗari ya ce shi ma a nan ya tsaya tun bara, ya zaci shi kaɗai ne. Na daɗe a kan nasa.

Ya kamata in ji daɗi. Amma ni adalci na nema, sai aka miƙo mini tausayi.

Litinin, 29 ga Satumba

Na sa Kaguwa a aljihun tebur tun shekaranjiya. Kofin shayi ya suɓuce mini da safe, Hukuma ta share. Sha biyar a wurin Sajan. Baya muka koma.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ƙarin babin ya fito. Sunansa Ambaliya. Auta ta saya mini tun daga can, ya ɗauki yini guda yana sauka, layin da ke nuna saukar yana rarrafe kamar ni a makon farko.

Sun cika alkawari. A cikin saiti sun ƙara wani abu wai riƙo mai sauƙi: in ka kunna shi, ko yatsa ya saki, igiya ba ta kuɓucewa. Auta tana ta murna a waya. “Abba, saboda kai fa aka yi! Ka shiga tarihi!”

Na yi jawabi a teburin cin abinci. Na ce kwamitin likitoci ba shi da saiti. Allura ba ta da riƙo mai sauƙi. Ranar da kuka ga na kunna wannan abu, ku ɗauke ni ku kai ni teburin bakin ƙofa ku ba ni hatimi. Hukuma tana duba takardun lissafin 'yan ajinta da jan biro, ba ta ɗago ba. Ta ce, “An ji.”

Asabar, 4 ga Oktoba

Na ɗaure shi!

Bari in rubuta a hankali. Da hantsi Hukuma ta ciro Kaguwa daga aljihun tebur ta ajiye mini a cinya, ta ce tun da yarinya ta kashe kuɗinta, ko don kunyarta in gwada sau ɗaya. Na gwada don a bar ni in huta. Na danne, na juya, ɗaya, biyu, uku. Ƙulli ya kama turke. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, har maƙwabcinmu tela ya turo a tambaya ko lafiya.

Tsohuwar ta ƙarasa labarin. Rediyon ta marigayi mijinta ce. Ba ta barin ta a wurin mai gyara ne don tana tsoron ya murɗa ta, ta bar tashar da mijin ya bari. Na cire tabarau na goge, ƙura ce.

Sun ma sake wa igiyar launi, shuɗiya ce yanzu. Ta fi kyau a ido.

Hutun kwanakin nan ne ya yi wa yatsan amfani. Na gaya wa Hukuma haka. Ta ce ƙila.

Talata, 7 ga Oktoba

Na bugo wa Darakta. Na ce yallaɓai, hannu ya dawo, a share mini bencina, kada kowa ya taɓa ƙamus ɗin. Ya ce madalla, madalla, amma dai kwamiti. Na ce kwamiti su zo da allurarsu.

Ambaliya ta fi asalin wasan. Kogi ya cika ya shafe rabin mashigai, kana bi ta kan rufin gidaje kana ɗauko mutane. Akuyar na nan, a saman wata bishiya, ba a bayyana yadda ta hau ba. Awa biyu na yi ina tuƙi ban sani ba. Jirgin yanzu miƙewa yake.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na ɓalle maɓallan rigata duka shida da kaina. Na yanke farce. Ƙananan abubuwa, amma wanda bai rasa su ba bai san girmansu ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ashirin da huɗu! Sajan ta sake aunawa don ba ta yarda da ƙarfen ba. Ta ce, “Baba, me kake ci?” Na ce kogi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da safe ina duba shafin labaran wasanni, abin da ya zame mini kamar jarida, sai ga hira da wa da ƙanwar nan. Cinikin wasan ya ninka uku tun fitowar Ambaliya, har sun ɗauki mutum na uku aiki. Sun ambaci “wani dattijo Mai Allura.” Dattijo. To. Ina cikin murmushi na iso inda wan yake bayanin riƙo mai sauƙi. Ya ce in an kunna shi, igiyar tana komawa shuɗiya, don mai wasa ya san a kunne yake.

Na karanta layin sau biyu. Na kunna talabijin. Na shiga saiti.

Kwana goma sha biyu.

Na jira ta dawo daga makaranta, na bari ta ajiye jaka. Na ce, “Malama, wane launi ce igiyar nan?”

“Wannan tambayar likitan ido ce.”

“Ke kika kunna.”

“Ni na kunna. Ranar Juma'a, kana wanka. Auta ta nuna mini wurin ta waya.”

Har da Auta. Na ce sun mai da ni ƙaramin yaro, an ɗaga ni sama ana cewa na yi tsawo. Ta ce yaro in an miƙa masa hannu kamawa yake, ni na wuce nan. Na ce na bugo wa Darakta na ce masa na warke! Ta ce, “Wannan kuma aikin bakinka ne, shi dama tun a asibiti ya warke.”

Sai ta karɓi Kaguwa, ta buɗe wani wuri da ban san da shi ba, inda na'urar ke rubuta tsawon lokacin da aka yi ana wasa kowace rana. Malamar lissafi dai. Kwanakin mashigi na bakwai: minti ashirin, minti goma, minti shida, sannan babu, babu, babu. Daga ranar huɗu ga wata: awa biyu, awa biyu da rabi, awa uku.

Ta ce, “Ina kallonka kana dainawa. Ba wasan ba. Kai.”

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, da hannun dama, da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kashe riƙo mai sauƙin. Igiya ta koma ruwan ƙasa. Na koma mashigi na bakwai, sau goma sha huɗu, ruwa ya tafi da ni sau goma sha huɗu. Yanzu a juyi na uku yake saki, ba na biyu ba. Amma saki saki ne.

Saura kwana goma sha biyu. Gidan shiru, ana miƙo mini abinci kamar a otal.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na kai ƙara wurin Sajan, ina zaton mai son horo za ta goyi bayana. Ta saurara tana murza mini tafin hannu.

“Baba, ni na taɓa ce maka ka ɗaure jirgi? Tuƙi na aike ka. Ashirin da huɗun nan a ruwa ka same ta, ba a turke ba.”

Na tambaye ta yatsan tsakiyar. Ta daina murzawa. Ta ce ƙila ya dawo duka, ƙila rabi, ba za ta yi mini ƙarya ba. Na gode mata da wannan. Kowa tun Yuli cewa yake in sha Allahu kamar ba a yi ba, ita kaɗai ta ba ni rabin.

Da zan fita ta ce in gaishe da Hajiya, in ce mata in ta gaji da koyarwa akwai gurbi a asibiti.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na ce zan je wurin aiki in gwada kafin kwamiti su gwada ni. Hukuma ta ce za ta kai ni, tun da ba a yarda in tuƙa mota ba tukuna, sai jirgin ruwa. Wannan ce maganar wasa ta farko a gidan cikin kwana goma. Na yi kamar ban ji ba.

Maigadi ya buɗe mana. Ɗakin na nan yadda na bar shi, warin gam da tsohuwar takarda, kujerata a ture gefe tun ranar. Wani ya lulluɓe ƙamus ɗin da ƙyalle, Allah ya saka masa ko wane ne. Allurar na nan soke a dami na arba'in da biyu, ta ɗan yi tsatsa.

Na ɗauki sabuwa. Sau huɗu kafin zare ya shiga. Na goga masa kaki. Na fara bin tsakiyar damin, shiga, fita, shiga, fita, hannun yana tuna abin da na zaci ya manta.

Sai na iso ƙarshen damin, inda ake ƙulla shi da na ƙasansa. Shekara ashirin da shida ina wannan ƙullin ban taɓa lura da yadda nake yinsa ba. Ashe yatsan tsakiya ne ke danne zaren ya tsaya a miƙe, hagu tana riƙe da takardun, manuniya da babba su zura allura. Ya saki. Zare ya yi sako-sako. Na sake, ya saki. Na uku ma haka. Mashigi na bakwai ya biyo ni har bencina.

Na ajiye allurar. Ta taga ina hango teburin bakin ƙofa, da hatimin a kansa.

Hukuma tana kan kujerar baƙi da takardunta. Ban ji tasowarta ba. Sai dai na ga ta ajiye wani abu a gefen ƙamus ɗin ta koma ta zauna. Maƙalin shanya ne, na roba, irin wanda take maƙale takardun jarrabawa da shi. Ta ci gaba da jan bironta.

Mun daɗe muna kallon juna, ni da shi.

Na ja zaren ya miƙe, na maƙale shi a bakin katako. Na zura allura, na ja. Ƙulli ya zauna daram. Na cire maƙalin, na ɗaga damin, na ja shi hagu da dama yadda nake gwada aikin sababbin ma'aikata don in kunyata su. Bai motsa ba.

Dami huɗu kafin azahar. Da can aikin minti arba'in ne. Na buɗe littafin a tsakanin na arba'in da ɗaya da na arba'in da biyu, na duba da tabarau, na duba babu tabarau. Ba a gane inda wancan mutumin ya tsaya, wannan ya ɗora.

A mota na ce, “Maƙalin nan shuɗi ne fa.” Ta rantse ba da gangan ba ne, shi ta lalubo a jaka. Ban yarda ba, amma na bar maganar.

Talata, 28 ga Oktoba

Na ƙarasa Ambaliya, ba zan faɗi da wace igiya ba. Ruwa ya shiga gidan tsohuwar, rediyon ta jiƙe, dole ta bar ta a wurin mai gyara. Kafin ya taɓa sai ya ɗiga fenti a daidai tashar. Abin da ta yi shekaru tana tsoro, ɗigon fenti ne maganinsa. Wannan yarinyar ta saman shagon keke, in ta rubuta littafi ni zan yi masa bango.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Likitoci uku, Darakta a gefe yana wasa da biro. Suka sa na matse, ashirin da bakwai. Suka sa na taɓa yatsu da babba ɗaya bayan ɗaya, na tsakiya ya makara kamar kullum. Babbansu ya fara rubutu, na ga inda biron ya nufa. Na ce ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci. Na ciro takardu da zare da allura daga jaka, na ɗinke musu dami biyu a kan teburinsu, na miƙa masa na ce ya ja.

Ya ja. Ya miƙa wa ta kusa da shi, ita ma ta ja. Ta nuna maƙalin ta ce wannan fa?

Na ce mataimakina ne, ba ya karɓar albashi.

Sun mai da ni bencina. Rabin yini, su sake dubawa bayan wata shida. Darakta ya kama hannuna ya girgiza, na dama, na matse nasa har ya ɗan yamutsa fuska. Hukuma tana jira a baranda, ta ɗauki izini daga makaranta ba ta gaya mini ba. Ta dubi fuskata kawai, ta ce to mu je, ta bar wanki a jiƙe.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na koma aiki. Dami biyar, saura ashirin da biyar. Maƙalin ya samu wurinsa a akwatin kayan aiki, tsakanin almakashi da kaki.

Na koma shafin sharhi na mai da taurarin biyar. Na so in yi dogon bayani, sai na tuna mai akuyar, na rubuta layi ɗaya: Mai Allura ya tsallaka, ya gode. Direban nan ya riga ni, shi ma ya wuce na bakwai. Auta ta ce an fara raɗe-raɗin wani ƙarin babin a bazara. Na ce ba ruwana da raɗe-raɗi. Na tambaye ta wane wata.

Igiyar shuɗiya ce, kuma ni na kunna da hannuna.

Hukuma ce ke da gaskiya, ni na yi kuskure. Ba sai ta ga wannan shafin ba. Ko da yake ita ke share teburin.